Darun Nadwa da ɗakunan taronmu

Ƙusayyu ɗan Kilabu, kakan Manzon Allah (SAW) na huɗu, shi ya gina Darun Nadwa daura da Ka'aba. A nan Ƙuraishawa suke yanke shawara, su ɗaura aure, su ɗaura tutar yaƙi. A nan kuma suka ƙulla makircin kashe Annabi a shekarar 622, Allah ya kuɓutar da shi ya yi Hijira. Ko sharri sai sun zauna sun tattauna.

Mu da aka umarta da shawara fa? Yawancin ɗakunan taronmu sun koma wurin biki da gangamin siyasa, alhali maƙabarta ta cika, rijiyar burtsatse ta lalace. Limamai da masu unguwanni su karɓi makulli, su sa ranar zama duk wata.