Tabar naɗin hannu da ta fi buhun masara tsada

1/ Jama'a, kwana biyu ina ganin samari na ɗora hoto da ƙatuwar tabar nan mai launin ƙasa, irin ta mawaƙan Amurka, wai su manyan yara. Guda ɗaya ta taɓa shigowa hannuna, kuma ina ganin muna yi wa abin gurguwar fahimta. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Zangon karatun da ya wuce, abokin ɗakina ya dawo daga biki a Abuja da ita cikin wani bututu. Tabar Kuba ce, naɗin hannu. Da ya faɗi kuɗinta na lissafa, ya fi yadda Babanmu ya sayar da buhun masara a Funtuwa da kaka. Zuƙa uku ya yi, jiri ya kwashe shi, ya fita ya yi amai. Na roƙi ragowar.

3/ Ni ɗan Gozaki ne, ƙaramar hukumar Kafur. Kakana ya noma taba a fadama tun zamanin da kamfanin NTC ke tashe da masana'antarsa ta Zariya, wadda aka buɗe a 1959. Shi dai tasa ta gargajiya ce: ta lofe, da taba gari da ake haɗawa da kanwa, mata kuma su sayi fure. Da na je hutu na miƙa masa guntun.

4/ Ya jiƙa yatsa ya warware ta a hankali, ya shinshina. Ya ce, "Kai ɗan boko, wanda ya naɗa wannan ya san aikinsa." Ya ware ganyen kashi-kashi a kan tabarma. "Wannan na saman kara ne, ya sha rana. Wannan na gindi ne, shi ke riƙe wuta." Bai taɓa jin sunan Kuba ba. Da na koma na bincika, wallahi bai kuskure ko ɗaya ba.

5/ Ga yadda ake gina ta. Hawa uku ne: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure su, sai rigar waje. Babu takarda, babu audugar tacewa irin ta sigari, ganye ne zalla. A cikin ma iri uku ake haɗawa. Na sama, ligero, shi ne ƙarfi. Na tsakiya, seco, shi ne ƙamshi. Na ƙasa, volado, shi ke sa ta ci wuta daidai.

6/ Rigar waje a inuwa ake nomanta, a rufe gonar da farin yadi mai shara-shara don ganyen ya fito sumul. Mai naɗin yana ninke na ciki yadda iska za ta ratsa. In ya matse da yawa ba ta zuƙuwa, in ya sassauta ta ci da zafi ta yi ɗaci. Sai a danne a mazubin katako, a naɗe rigar, a liƙe kan da ƙaro marar ɗanɗano. Gwani kan yi wajen ɗari a wuni.

7/ Ɗanɗanon fa? Lokaci ne ke yin sa. A Vuelta Abajo, yankin Pinar del Río na Kuba, ganye kan yi kusan kwana 50 yana bushewa a rumfa. Sai a tara shi tsibi ya yi gumi, zafin ya fitar da warin da ke ƙone maƙogwaro. Sai a ajiye, wani shekara, ligero fiye da haka. Daga nan masu sha ke cewa suna jin koko, fata ko barkono.

8/ Ƙarfi daban, ɗanɗano daban. Ƙarfi yawan nikotin ne, kuma daga ganyen sama yake zuwa. Baƙin riga ba ya nufin ƙarfi. Abokina ya zuƙa har huhu kamar sigari, cikinsa babu abinci, shi ya sa ta kayar da shi.

9/ Abin da ya fi tsaya min a rai: ɗaya daga cikin rigunan da suka fi daraja a duniya a gabashin Kamaru ake noma shi, nan maƙwabta. Kamfani irin Arturo Fuente a Jamhuriyar Dominika yake naɗawa, a sa a akwatin katako, a sayar a Amurka da Turai. Ganyen na Afirka ne, suna da babbar ribar na can ne.

10/ To ga ra'ayina. Tsadar nan kuɗin aikin da aka yi bayan girbi ne: tantancewa, ajiya, haƙuri, hannu, suna. Ilimin da Kakana ke da shi ke nan, amma shi a ɗaure yake kai tasa kasuwa, dillali ya yi mata kuɗi yadda ya ga dama. Har yau haka muke yi da komai.

11/ Ku duba. Masara a kwashe da kaka a Dandume da Bakori lokacin da ta fi araha. Tumatirin Danja ya ruɓe a kwando. Audugar Funtuwa da Malumfashi a gurje a loda a mota. Zoɓorodo ya tafi Meziko a buhu, riɗi ya tafi Japan da Turkiyya. Mu ne da gumi, wasu ne da kwali da tambari.

12/ Na san wani zai ce, "To mu koma noman taba ke nan?" A'a, Malam. Kakana yau ba ya iya zuwa masallacin unguwa bai tsaya ya yi tari ba. Ƙatuwar guda ɗaya tana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari. Ko ba ka haɗiye hayaƙin ba, nikotin na shiga ta fatar baki, ga kansar baki da maƙogwaro.

13/ Fidel Castro, wanda a kansa aka fara yin Cohiba a 1966, ya daina sha a 1985. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara. Dokar Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18. Tsada ba ta wanke ta.

14/ Abin ɗauka shi ne tsarin aikin. Iyayenmu mata sun san rufe kalwa ta yi gumi ta zama daddawa. Muna da masu mazarƙwaila, masu man gyaɗa, masu busar da barkono. Me ya hana mu da ke karanta noma, kimiyyar abinci da kasuwanci mu zauna da su, mu ware na ɗaya da na biyu, mu tsaftace, mu auna, mu sa suna?

15/ Da zan dawo makaranta Kaka ya tattara ganyen ya zuba a murhu. Ya ce, "In ka gama bokon, ka zo ka nuna wa ubanka yadda masararsa za ta yi irin wannan kuɗin." Har yanzu ban da amsar da zan ba shi. 'Yan Kafur, Funtuwa da Malumfashi, wane amfanin gona kuke ganin ya kamata mu fara da shi?