Kyafaffen Barkono: Abin da Madafar Meziko ke Tuna Mana

Mu mutanen banda ne. Daga gaɓar Tafkin Chadi har zuwa zangon Kumasi, babu uwargidan da za a koya wa abin da kyafaffen kifi ke yi wa miyar kuka. Mu kuma mutanen barkono ne, har baƙo kan zaci a ƙasarmu ya fara tsira, alhali daga nahiyar Amurka ya fito, bai iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Hayaƙi da barkono sun daɗe suna gamuwa a tukunyarmu, sai dai kowa da ƙofar da yake shigowa: hayaƙin a jikin kifi ko nama, barkonon kuma daga shanya.

A Meziko, ɗaya daga cikin gidajen barkono na asali, an daɗe da haɗa su tun kafin a ɗora tukunya. Suna da wani barkono mai kaurin tsoka da suke kira halapenyo, wanda ya ci sunan garin Halapa. Saboda yawan ruwansa, idan aka shanya shi yakan ruɓe kafin ya bushe. Sai mutanen ƙasar, tun kafin zuwan Sifaniyawa, suka koma barinsa ya nuna ya yi jajir, sannan su baza shi a kan raga, hayaƙin itace yana ratsa shi kwana da kwanaki, har kilo goma ya dawo kusan kilo ɗaya. Sunansa chipotle, daga harshen Aztek, ma'anarsa barkonon hayaƙi. Akwai morita, mai ja-ja da sauran laushi, akwai kuma meko, wanda ya fi daɗewa a hayaƙi har ya yi launin taba.

Girki da shi ba wuya. A jiƙa biyu ko uku a ruwan zafi, a niƙa da tumatir da tafarnuwa. A garin Puwebla ana yagalgala dafaffiyar kaza a cikin wannan haɗi da albasa mai yawa, su kira shi tinga. Amma inda ya fi jan hankalinmu shi ne tukunyar wake, wadda ba ta ga nama ba, ƙwaya ɗaya ta sa ta ƙanshi kamar an jefa mata banda. Duk wanda ya san farashin kifi a yau ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce ga gidan da ake auna cefane.

Ra'ayinmu shi ne, dabarar ta fi gwangwanin da ake shigowa da shi amfani a gare mu. Tattasan Difa, wanda ake nomawa a bakin Komadugu a bushe shi a rana a ɗura a buhuna zuwa Najeriya, ba ya bukatar hayaƙin kowa. Rana ta wadace shi, kuma kyauta ce. Ciwon yana wajen attarugu. Shi ma mai ruwa ne kamar halapenyo, kuma mun saba ganin kwandunansa suna narkewa a kasuwa idan damina ta sa iska ta yi nauyi, manomi ya sayar da asara, bayan ƴan watanni kuma uwargida ta sayi ƙwaya biyar da kuɗin da dā ke cika mudu. Ba ma sai mun haye teku neman shaida ba: busasshen attarugun nan mai duhu da ƙanshin hayaƙi da ake kira barkonon Kamaru yana da masu nemansa a kasuwannin Najeriya, kuma ba ya arha.

Za a ce itace ya yi wuya a Sahel, kuma gaskiya ne. Ba ma kiran a sare gawo domin barkono. Amma matan da ke bandar kifi sun riga sun hura wuta, kuma saman ragarsu akwai sarari. Kakanninmu ma a saman murhu suke rataye irin masara, hayaƙin girkin yau da kullum ya tsare shi daga ƙwari. Wani abin tsoron shi ne ingancin hayaƙin: wanda aka hura da leda ko katakon fenti guba ne, kuma barkono tsotsewa yake yi. Manoman La Bera a Sifaniya, masu jan garin barkonon nan mai hayaƙi, itacen oak kaɗai suke amfani da shi, a wuta mai sanyi, kwana goma zuwa sha biyar.

A tukunya kuma yana son hannu mai sauƙi. A miyar da daddawa ta riga ta yi magana, su biyun gardama za su yi, don haka gara a bar mata barkononta na shanya. Wurinsa shi ne dafa-duka, da faten wake, da yajin tsire, inda za a daka ƙwaya ɗaya da ƙuli-ƙuli da citta a ɗanɗana kafin a ƙara ta biyu.