Ba Sai Kun Shiga Jami'a Ba

Yau hirar tamu kan matasan da ke haɗuwa ne a garin Dutse suna koya wa juna gina shafukan intanet, da kuma dalilin da ya sa muke so mu riƙa ganinku a cikinsu tun kuna sakandare.

Wadda ta fi suna a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce GDG, wato ƙungiyar masu rubuta manhaja da kamfanin Google ke mara wa baya. Tana da rassa a birane da yawa na duniya, har da Kano da nan Dutse. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da ita, kuma babban taronta na shekara, DevFest, yakan zo ne a watannin ƙarshen shekara. Akwai kuma rassan ɗalibai a cikin jami'o'i. Ban da waɗannan masu suna da tambari, akwai ƙananan zama da ba su da ko allon sanarwa, irin wanda muke yi a Yalwawa: aji ɗaya da aka ba mu aro, benci, soket mai baki shida da kowa ke rububinsa, sai kwamfutoci da ba su kai yawan mutanen ɗakin ba.

Bari mu faɗa muku gaskiyar abin da ya sa muka matsu ku zo. Yawancin masu riƙe da waɗannan taruka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ne, wadda aka kafa a 2011, da na kwalejin fasaha ta jiha. Ɗalibi kuwa baƙo ne. Shekara huɗu ko biyar ya gama, ya tafi bautar ƙasa, daga can sai ka ji shi a Abuja ko Kano ko Legas. Ranar da wanda ya fi kowa iya aiki ya ɗaure kayansa, zaman yakan yi sanyi, wani lokaci ya mutu murus, sai wasu sababbi sun zo sun sake farawa daga tushe. Ku ne 'yan gari. Yaron da ya fara zuwa yana aji huɗu na sakandare, daga Takur ko Fagoji ko Gida Dubu, yana da shekara uku a gabansa kafin ma ya rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma ko ya tafi karatu wani gari, nan zai dawo hutu. Saboda haka ba alfarma muke yi muku ba. Mu ma muna da buƙata a wurinku.

To, mene ne ma ake koya? Duk shafin da kuka buɗe a waya, na duba sakamakon jarrabawa ne ko na labarai, abubuwa uku ne suka haɗa fuskarsa. HTML shi ne ginin kansa: nan kanun magana, nan hoto, nan wurin rubuta suna. CSS shi ne filasta da fenti, yana tsara launi da girman rubutu da inda kowane abu zai zauna. JavaScript kuwa shi ne wayarin wuta, shi ke sa idan ka danna maɓalli wani abu ya motsa. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya fito da tsarin shafukan a 1989 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, a 1993 kuma cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. JavaScript ya biyo baya a 1995. Abin da ya fi burge mu shi ne, shafinka na farko ba ya cin data ko ta kwabo. Ka buɗe Notepad a kwamfutar makaranta, ka rubuta layi biyar, ka adana fayil ɗin da suna index.html, ka buɗe shi da Chrome. Ga sunanka nan ɓaro-ɓaro a kan allo.

Wani zai ce, ai duk wannan yana YouTube, me zai kai ni zama da mutane? Tambaya ce mai kyau. Bidiyo yana nuna maka aikin da ya tafi daidai ne. Mai koyo kuwa, rabin ranarsa a kan aikin da ya ƙi tafiya yake ƙarar da ita, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke ajiyewa.

Ga misali guda da muke gani kusan duk lokacin da sabon mutum ya ɗora shafinsa na farko a intanet. A kwamfutarsa komai lafiya, hoton yana fitowa tsaf. Ya ɗora a GitHub Pages, wurin da ake ajiye ƙananan shafuka kyauta, ya tura wa abokansa adireshi cikin murna, sai su ce masa babu hoto. Ya duba kod ɗin sau goma bai ga kuskure ba. Dalilin ɗan ƙarami ne: ya sa wa fayil ɗin suna Dabino.jpg da babban harafi, a cikin kod kuma ya rubuta dabino.jpg da ƙarami. Windows ba ta damu da bambancin ba, amma na'urar da ke riƙe da shafin a can ta damu, a wurinta sunaye biyu ne daban. Mutum shi kaɗai a ɗaki yana iya kwana uku a kan wannan, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kan kwamfuta. A wurin zama, wanda ke gefensa zai leƙo ya nuna masa da yatsa, domin shi ma ta taɓa cin sa.

Akwai kuma wadda ta shafe mu mu Hausawa kai tsaye, wadda da wuya mai bidiyo daga Indiya ko Amurka ya ambata. Ka rubuta shafi da Hausa mai kyau, da ƙ da ɗ da ɓ, ka buɗe sai ka ga wasu baƙaƙe kamar tafiyar tururuwa a madadinsu. Sau da yawa maganin layi ɗaya ne a saman fayil, wanda ke shaida wa burauza cewa an yi rubutun da tsarin UTF-8. Idan kuwa ƙananan akwatuna kake gani, ko harafin mai lanƙwasa ya fita daban da 'yan'uwansa, to salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da haruffanmu, sai ka sauya wani. Da yawa suna gajiya su koma rubuta k da d da b zalla, shi ya sa za ka ga shafi ya kasa raba kofa da ƙofa, ko ya mai da ɗaki daki. Wannan ilimi ne da ke yawo daga baki zuwa baki a tsakanin masu gina shafukan Hausa.

E, mun sani, yanzu akwai ChatGPT da ire-irensa, kuma muna amfani da su. Suna gyara kod cikin ƙiftawar ido. Sai dai mun lura wanda ya saba kwafo amsa ya manna, ranar da aka ce ya tashi gaban mutane goma ya bayyana abin da layi na bakwai ke yi, sai ya hau kame-kame. Shi ya sa a zamanmu kowa sai ya nuna aikinsa, ko da bai kammala ba, ko da ya lalace. Wanda ya lalace ɗin ma ya fi tara mutane.

Manyan taruka suna da nasu amfanin. Za ka ga mutanen da suka fito daga gari irin naka suna cin abinci da wannan sana'a, ka ji yadda suka fara, ka karɓi lambar wanda zai iya duba maka aiki. Amma a cikin mahalarta akwai waɗanda riga da sitika da hoton Facebook suka kawo su, da an watse ba za a sake jin ɗuriyarsu ba sai baɗi. Kada ku zama cikinsu. Idan kun je babban taro, tambayar da za ku yi kafin ku fito ita ce: ina ake haɗuwa a sauran makonnin shekara?

Kada kuma ku raina ƙaramin zama. A watan Maris na 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta, mutum talatin da 'yan kai, sun haɗu a garejin wani gida a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya. Sun kira kansu Homebrew Computer Club. Abin da suke yi bai wuce nuna wa juna abin da suka harhaɗa da musayar dabaru ba. A cikin masu zuwa akwai Steve Wozniak, kuma a gaban 'yan wannan zama ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko, kamfanin da aka kafa a 1976. Ba cewa muke yi Apple za ta fito daga Yalwawa ba. Muna dai nuna muku cewa gareji ne.

Mu dawo gida, ga abubuwan da muka san suna hana ku zuwa. Na farko kwamfuta. Gaskiya ne aikin ya fi daɗi a laftof, amma ana farawa da waya: akwai manhajoji irin su Acode da ake rubuta HTML a cikinsu a wayar Android, a ga sakamako nan take. Darussan freeCodeCamp kyauta ne. A wurin zama kuma mutum biyu ko uku kan raba kwamfuta ɗaya, ɗaya yana bugawa sauran suna sa ido, a riƙa karɓa-karɓa. Ƙwararru ma suna aiki haka da gangan, domin ido huɗu ya fi biyu ganin kuskure. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, don haka duk sa'ar da yatsunku suka yi a kan madannai ba ta tafi a banza ba.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne iyaye. Uba ya ji an ce ɗansa yana zuwa wani wuri da samari masu laftof, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne 'yan Yahoo. Ba za mu ga laifinsa ba, ya ji labarai. Kada ku yi gardama, kada kuma ku saci jiki ku tafi. Ku nemi izini, ku faɗi wurin da lokacin tashi, in da hali ku zo da yaya ko malaminku na kwamfuta ya gani da idonsa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce aikin hannu. Ka gina wa shagon Baba shafi mai hoton kaya da farashi, ko ki yi wa Umma na ɗinkinta ko na turaren wutarta, ku nuna musu a waya. Ku kuma tuna musu cewa jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA ta ƙasa a 2019, ɗan Haɗeja ne.

Ga 'yan'uwanmu masu shirya taruka kuwa, akwai magana biyu. Duk zaman da aka sa bayan Magariba an riga an sallami 'yan mata, ko ba a faɗa ba. Wanda aka sa safiyar Asabar kuma ya ci karo da Islamiyya, babu uwar da za ta zaɓi kod a kan hadda, mu ma ba mu so ta zaɓa. Yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, to me zai hana a gwada yammacin Alhamis, daga La'asar a tashi kafin rana ta faɗi? Sai batun harshe. Kalmomin kod na Turanci ne, wannan ba makawa, amma bayaninsu ba dole ne ya zama da Turanci ba. Ɗan aji huɗu da aka yi wa bayani da Hausa zai ɗaga hannu ya yi tambaya. Wanda aka yi wa ruwan Turanci na awa biyu zai gyaɗa kai kawai, mako mai zuwa ba za a gan shi ba.

Ku da ke makarantun kwana, irin makarantun kimiyya na Kafin Hausa da Lautai, da na 'yan mata a Jahun da Taura, ba mu manta da ku ba. Mutum biyar da malami ɗaya mai riƙe da mabuɗin ɗakin kwamfuta sun isa a fara. Ku zaɓi aiki guda na gaske, kamar shafin jadawalin darussa ko na sakamakon gasar ƙwallo tsakanin gidaje, ku raba shi: wannan gini, wannan fenti, wancan ya duba haruffa masu lanƙwasa. Ku tabbata a cikin biyar ɗin akwai 'yan ƙananan aji, saboda matsalar da ke damunmu a jami'a tana jiran ku ranar da 'yan aji shida suka gama WAEC. Idan an yi dogon hutu ku zo mana da abin da kuka gina a filashi.

Wanda zai zo karon farko, ya taho da littafi da biro, da cajar waya, da tambaya ɗaya da ta dame shi. Idan babban taro ne da ake rajista ta intanet, ku karanta sanarwar da kyau ko akwai ƙa'idar shekaru, ku kuma nuna wa babba a gida kafin ku cike komai. GitHub dai sai mai shekara 13 zuwa sama yake buɗe asusu. Ku zauna a gaba, bencin baya ba a ganin rubutun majigi sosai.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu rubuta muku layuka biyar ɗin nan na index.html ɗaya bayan ɗaya, har da layin da ke gyara ƙ da ɗ da ɓ. Kafin nan ku tambayi malaminku ranar da ake buɗe ɗakin kwamfuta. Mu kwana nan.