Filin Manoma: Gani Ya Kori Ji

Dattawan karkara ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba. Yau kuma damana ta canza hali. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara ya ɗauke hatsi na cikin bununi, wani lokaci ya zubo gaba ɗaya ya kwashe shuka da gidaje, kamar yadda ya faru a Maraɗi da Damagaram a 2024. Masana suna kiran wannan abu canjin yanayi. Babban dalilinsa shi ne hayaƙin man fetur da na kwal da duniya ke ƙonawa, wanda ke tare zafi a sama.

To, amma dogon jawabi a dandali ba ya canza ma manomi hanyar aikinsa. Shi manomi abin da ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, shi yake ɗauka.

Ga misali daga jihar Tawa. A 1989 waɗansu manoman Illela suka tafi Yatenga, ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake raya fako da ƙananan ramu. Da suka komo gida sai suka gwada, abin da ake kira tassa. Ana gina ramen da rani, faɗin kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, amma masu tassa suka samu hatsi. Maƙwabta suka zo kallo, suka koma suka ɗauki hauya. Har fakon da babu mai so ya yi kuɗi.

Wannan ita ce dabarar makarantar gona. Mutum 20 zuwa 25, maza da mata, su samu fili su raba shi biyu: gefe ɗaya noman gado, gefe ɗaya sabuwar dabara, ko tassa, ko rabin wata, ko iri mai saurin nuna irin su HKP. Kowane mako su haɗu tun daga shuka har girbi. Su auna tsawon kara, su duba tsutsa, su karanta ma'aunin ruwan sama, wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta a littafi. Malamin gona ba ya yanke hukunci, tambaya yake yi. Ranar girbi a ƙirga damman kowane gefe gaban jama'a, kowa ya gani.

Saboda haka ya kamata masu gari da shugabannin ƙungiyoyi su ware filin tun yanzu da rani, kuma a ba mata wurinsu cikin ƙungiyar. Garin da ya jira faɗuwar ruwan farko kafin ya gina ramu, ya yi asarar shekara guda. Allah ya ba da damana mai albarka.