Ra'ayinmu: Jami'o'in Sudan da 'yan ƙwallon kwandon ƙauyukan Hausawa

A shekarar 2024, lokacin da 'yan ƙwallon kwando na Sudan ta Kudu suka doke Puerto Rico a gasar Olamfik ta birnin Paris, duniya ta yi ta yaba wa Luol Deng, shugaban hukumar wasan na ƙasar. Mu kuwa hankalinmu ya koma kan maƙwabciyarta ta arewa. Sudan ce ta zo ta biyu a gasar ƙwallon kwando ta Afirka a 1962, kuma a Khartum marigayi Manute Bol ya goge kafin ya tafi Amurka. Da ƙasar ta rabu a 2011, mafi yawan gwanayen wasan sun bi Kudu. Ya zama dole jami'o'in da suka rage a arewa su nemi 'yan wasa a gida, kuma a ganinmu ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin kogin Nil Azrak suna cikin wuraren da aka fi yin sakaci da su.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Garin Mai Wurno, kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tun da aka buɗe gandun audugar Jazira a 1925 guminsu yake zuba a cikinsa. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, tana tsakiyar wannan gandu. Amma tsakanin ƙofarta da yaron da ya tashi a kambo, wato zangon leburorin gona, akwai tafiya mai nisa.

Matsalar farko ita ce hanyar shiga. A Amurka koci yakan ga yaro a sakandare ya ba shi gurbin karatu saboda wasansa. A Sudan makin jarrabawar shahada ne yake shigar da ɗalibi jami'a, don haka komai tsawon yaro da iya jifarsa, idan bai kai ajin ƙarshe na sakandare ba, koci ba shi da yadda zai yi da shi. Yaran kambo da yawa kuwa tsinkar auduga da rashin makaranta a kusa sukan fitar da su tun kafin nan. Ga kuma tsohon ciwon takardar zama ɗan ƙasa: dokar 1957 ta nemi hujjar zama a ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar iyalai da dama a waje, kuma duk da an sassauta dokar daga baya, tabon bai goge ba.

Sannan wasan kansa yana da tsada. Ƙwallon ƙafa fili da duwatsu huɗu kawai take bukata, shi ya sa kowane yaro burinsa Hilal ko Marrikh. Ƙwallon kwando sai da daɓen siminti da ƙarfe da mai koyarwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kan wannan ne masifa ta sauka. Rikicin ƙabilanci na 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi ya kori dubban Hausawa daga gidajensu. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar shekarar, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Makarantu sun koma mafakar 'yan gudun hijira, ɗaliban da ya kamata su zauna shahada a 2023 sai a Disambar 2024 suka zauna, wasu ma ba su samu ba.

Wani zai ce mutanen da ke neman abinci ba sa zancen ƙwallo. Mun yarda abinci da tsaro ne gaba. Sai dai yanzu ne ake tsara abin da za a sake ginawa da inda za a gina shi, kuma wanda ba a sa sunansa a wannan lissafi ba zai sake jiran shekaru. Don haka muna kira ga Jami'ar Jazira da ta Sinnar da su ware gurabe ga ɗaliban da suka yi fice a wasanni, ga ma'aikatun ilimi na jihohin kuma da su kai gasar makarantu har ƙauye maimakon tsayawa a manyan garuruwa. Sarakuna da attajiran Hausawan yankin su ma su haɗa hannu su daɓe fili guda a sakandaren Mai Wurno, su nemo koci daga Wad Madani ko da sau biyu ne a mako.