Santorini Hangen Dala Ce

Duk wanda ya tashi neman inda zai kai iyalinsa hutun bakin teku a tsibiran Girka, amsa ɗaya zai samu, ko kamfanin tafiye-tafiye ya tambaya ko Instagram ya leƙa: Santorini, Mikonos, sai gaɓar Navagio ta tsibirin Zakintos, wadda tsohon jirgi ke kwance a yashinta. An maimaita sunayen nan uku har an daina tambayar dalili. Ni kuwa ina da ja. Masu ɗaukar hoto ne suka tsara wannan jeri, kuma mutum biyu yake cuta: baƙon da ya zuba kuɗinsa, da ɗan garin da aka raba da bakin tekunsa.

Santorini ragowar dutse ne mai aman wuta da ya fashe wajen shekara 3,600 da suka wuce, tsakiyarsa ta rufta, teku ta cike ramin. Fararen gidajen nan da majami'u masu shuɗiyar ƙubba da ake nuna mana, na garuruwan Fira da Oia, a leɓen wannan rami aka gina su, a wasu wuraren kusan mita 300 sama da ruwa. Kana ganin teku, teku na ganinka, amma daga Fira sai ka gangara matakala sama da 500, ko ka shiga motar igiya, ko ka hau jaki, kafin ka taɓa ruwa, kuma abin da za ka tarar a ƙasa tashar kwale-kwale ce. Mai son iyo sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren tsibirin, Kamari ko Perissa, inda baƙin yashi da tsakuwa ke ɗaukar zafin da ƙafar yaro ba ta iya takawa da tsakar rana. Jar gaɓar da ke kusa da Akrotiri kuwa, hukuma ta daɗe tana gargaɗin duwatsu na ruftowa a kanta. Kyau akwai shi, ba na musu. Faɗuwar rana a Oia ta cancanci sunan da ta yi, kufan Akrotiri ma abin zuwa gani ne. Amma a sayar wa mutum da wannan a matsayin bakin teku mafi kyau, zalunci ne.

Mazauna tsibirin ba su wuce dubu 15 da 'yan kai ba, baƙin da ke zuwa a shekara sun haura miliyan 3. Har ta kai gwamnati ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan babban jirgin yawo da ya sauka a nan ko a Mikonos a lokacin cunkoso, daga 2025. Idan mai gida ya fara karɓar kuɗi don rage baƙi, ai magana ta fito fili.

Navagio ta fi ban takaici. Jirgin Panagiotis ya maƙale a can a 1980, kuma tsatsarsa ce ta mai da wurin abin ɗauka a hoto. Babu hanyar mota, sai ta ruwa. A watan Satumba na 2018 wani ɓangaren dutsen da ya kewaye gaɓar ya zubo a kan masu hutu, ya kife ƙananan jirage, ya ji wa mutane rauni. A 'yan shekarun nan hukuma ta hana sauka a yashin. Duk da haka sunan bai fita daga jerin ba. Yaya za a ce wurin da aka hana ka taka shi ne ya fi dacewa da hutunka?

Mikonos kuma ciniki ce. Iskar arewa da ake kira meltemi tana kaɗawa da ƙarfi a tekun Ejiyan a watannin Yuli da Agusta, don haka gaɓoɓin kudu ne ke da lafawar ruwa, su ne kuma gidajen rawa da mashaya suka mamaye: Psarou, Paradise, Super Paradise. A wasunsu kujerar kishingiɗa da laima sukan haura yuro 100 a wuni. Magidancin da ya biya yuro 90 na bizar Shengen, ya canza nairarsa da ƙyar, ya zo da mata da yara, ba nan yake nema ba, kuma babu mai gaya masa kafin ya sayi tikiti.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne Girkawa da kansu sun riga kowa ƙin wannan tsari. A dokar ƙasarsu bakin teku na jama'a ne. Amma shekara da shekaru masu otal da gidajen abinci suna karɓar hayar ɗan yanki, su shimfiɗa kujeru har su ninka abin da aka ba su, ɗan gari ya zo da tawul ɗinsa ya rasa inda zai ajiye. A bazarar 2023 mutanen tsibirin Paros suka ce ya isa. Suka fito zanga-zanga a kan yashi, 'yan jarida suka sa mata suna gwagwarmayar tawul, ta bazu zuwa Naksos da Kirit da wasu wurare. A 2024 majalisa ta yi sabuwar doka: kashi 70 cikin 100 na kowace gaɓa a bar shi babu kujerar haya, kashi 85 a wuraren da ake kare muhallinsu, kujeru su ja baya mita 4 daga ruwa. Aka fito da manhajar MyCoast don kowa ya kai ƙarar wanda ya wuce iyaka. Mutanen da aka haifa a bakin wannan ruwa sai da suka yi bore kafin su samu wurin zama, mu kuma muna nan muna yaɗa sunayen wuraren da aka fi korarsu.

To ina za a je? Naksos, babbar tsibiran Saikiladis, tafiyar awa 5 ko 6 a jirgin ruwa daga tashar Firiyas. A gefenta na yamma yashi mai laushi ya miƙe daga Agios Prokopios zuwa Plaka, kilomita bayan kilomita, gaɓar Agios Georgios kuma tana manne da gari, ruwanta bai da zurfi, yaro na wasa uwa na kallonsa hankali kwance. Akwai filin da mace mai son sutura za ta matsa gefe ta shiga ruwa ba a tsakiyar taro ba. Tsibirin yana noman dankali, yana yin cuku, mutanensa suna da sana'a ko baƙo bai zo ba.

Na san abin da za a ce mini: kai ma ga shi ka ambaci suna, gobe a yi wa Naksos abin da aka yi wa Mikonos. Tsoron yana da tushe. A 2024 madatsun ruwan Naksos sun kusa ƙafewa, manoma da otal-otal suna jan ruwa ɗaya. Elafonisi ta Kirit, mai yashi ruwan hoda, Tripadvisor ta ɗora ta a kan gaba a duniya a 2025, alhali tun kafin nan ana roƙon baƙi su daina ɗibar yashin a kwalba. Shi ya sa rigimata take da masu jera gwanaye, domin su ne ke tura jama'ar duniya gaɓa ɗaya a wata ɗaya, a ƙasar da ke da tsibirai sama da 200 da mutane ke zaune a kansu. Mai niyya ya kauce wa Yuli da Agusta, ya je a watan Yuni ko Satumba, lokacin da meltemi ta yi sauƙi kuma kuɗin ɗaki ya sauko. Ya tambayi mai masaukinsa inda 'ya'yansa ke iyo, ya duba wajen da iska ta dosa a ranar, ya nufi ɗaya gefen.