Shin za a sake ƙaƙaba wa Nijar, Mali da Burkina takunkumi?

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Didawure, wani dattijo mai manyan motoci biyu da ke jigilar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Yamai ya tare ni. Ya ce, "Malam, kai da kake bin labarai, in ci bashi in ƙara mota ta uku ko in dakata? Kada in saya a sake rufe iyaka." Na ce masa, "Alhaji, gaibu sai Allah, amma ni dai ban ga alamar CEDEAO za ta maimaita abin da ta yi a 2023 ba." Ga dalilaina.

An gwada sau biyu, kuma bai haifar da ɗa mai ido ba. A ranar 9 ga Janairun 2022 aka rufe wa Mali iyakoki a taron Accra, a watan Yuli aka janye, Assimi Goita na nan daram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabannin suka taru a Abuja ranar 30 ga wata, suka rufe iyakokin Nijar, aka daskarar da kuɗin gwamnatinta, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Wa ya sha wuya? Talaka mai sayen shinkafa da magani, sai ƴan kasuwar Kano, Katsina da Sakkwato da cinikinsu da Maraɗi da Birnin Konni ya tsaya. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, ana gab da azumi, ba tare da an saki Mohamed Bazoum ba. Wanda ya ƙona hannu sau biyu ai zai yi tunani kafin ya sake taɓa tukunyar.

Sannan ƙasashen uku sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025. Ta yaya za ka hukunta wanda ba ya gidanka? Ranar ma CEDEAO da kanta ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen, kayansu kuma su shiga kamar da, har sai an yi wata sanarwa. Ko da ƙawancen AES ya sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigo masa da su a watan Maris na 2025, ba a rama da rufe iyaka ba.

Mu nan Togo kuwa lissafin a fili yake. Da iyakar Benin da Nijar ta rufe, kaya suka karkato Lome, suka biyo titin nan namu ta Sokode, Kara, Mango, Dapaong har Sinkase, daga can su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar sojoji. Mai tuwo a bakin tasha, mai facin taya, ɗan dako, kowa ya shaida. Faure Gnassingbé shi ya shiga tsakani a rikicin sojojin Cote d'Ivoire 49 da aka tsare a Bamako, kuma ɗan Bazoum da aka saki a Janairun 2024 Lome aka kawo shi. A farkon 2025 Robert Dussey ya faɗa a fili cewa shigar Togo cikin AES ba abu ne da ba zai yiwu ba. Ni ban ɗauki maganar a matsayin shirin ƙaura ba, ciniki ne: ku matsa wa maƙwabtanmu, ku rasa mu. Ga kuma ƴan bindiga a yankin Savanes, inda ake cikin dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022. Ƙasar da ke buƙatar haɗin kan sojan Burkina a Kpendjal ba za ta ɗaga hannu a rufe wa Wagadugu ƙofa ba.

To amma na gaya wa Alhaji inda zai sa ido. Ƙasashen uku ba su bar UEMOA ba, sefa ɗaya muke kashewa, babban bankinmu ɗaya ne a Dakar. Makamin da ya fi yi wa Bamako da Yamai ciwo a baya shi ne rufe asusun gwamnati a bankin nan, kuma har yanzu yana hannu. A Yulin 2025, a nan Lome, ministocin ƙasashen uku sun tashi sun bar taron ƙungiyar kan rigimar shugabancin karɓa-karɓa. In har za a sake jin kalmar takunkumi, ina zaton daga wannan ƙofar za ta fito, musamman ranar da suka ce za su buga kuɗinsu. Shi ma ban sa ran ganinsa nan kusa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da motar Alhaji ma wani ne daban. Na farko hanyar Kaya zuwa Dori, inda direba kan yi makonni yana jiran ayari, in an tashi kuma ransa a hannunsa. Na biyu, ranar da Yamai da Kwatano suka sasanta aka buɗe gadar Malanville, hanyar can ta fi kusa kuma ta fi arha, kaya da yawa za su koma. Na ce masa ya yi lissafin bashin da wannan ranar a zuciya. Ya yi shiru, sannan ya ce zai jira bayan Sallah.